An Cire De Gaulle, An Bar "Avenue"

A watan Oktoban 2024 mahukuntan Yamai suka kankare sunan Charles de Gaulle daga babban titi, suka rubuta na Jibo Bakari. Madalla, ya cancanta. Amma ku dubi sunan da kyau: kalmar farko har yau "Avenue" ce. Dandalin Francophonie ma da Faransanci aka raɗa masa sabon suna. To, da wa ake magana? Mai taksi da fasinjansa ba su taɓa jiran allo ba. Katako suke cewa, Wadata suke cewa, kowa ya san inda zai sauka. Birnin kullum faɗi yake ƙarawa, sababbin tituna na jiran suna. A tambayi masu Zabarmanci da Hausa da ke kwana a unguwannin kafin a kira mai fenti.