Land Cruiser mai dizal: Gwanar daji ce, amma ba ta lungun Kano ba

Na gwada tuƙa Land Cruiser 70 mai shan dizal, samfurin da Toyota ke ƙerawa tun 1984. A hanyar ƙauye sai sam barka, yashi da taɓo ba sa tsayar da ita.

Da na shiga ta Ƙofar Mata na nufi Kasuwar Kurmi, sai labari ya sha bamban. Lungunan cikin birni na jaki da mai tafiya a ƙasa ne. Madubi na gogar katanga, 'yan adaidaita sahu na ta danna ham a baya, hayaƙi kuma na turnuƙe mai tuyar ƙosai a bakin hanya. Ga litar dizal ta haura naira 1,000.

Mai gona a Doguwa ya saya, ba laifi. Mazaunin Jakara kuwa, ina zai ajiye ta da dare?