NA'URA TA BA DA SHAWARA, MUTUM YA SA HANNU

A watan Agusta na 2022 wani kamfanin ƙasar Sin mai suna NetDragon ya ba da sanarwar naɗa wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira a kan shugabancin wani reshensa. A watan Satumba na 2025 kuma Gwamnatin Albaniya ta naɗa irin wannan na'ura, wadda aka raɗa wa suna Diella, ministar kula da kwangiloli. Na'urar da a da iyakarta buga wasiƙa da lissafi, yau ita ake son ta raba aiki, ta auna ƙwazon ma'aikaci, har ta faɗi wanda za a sallama.

Kada malamin firamare a Paki, ko akawu a sakatariyar Ikara, ko ɗalibin kiwon lafiya a Maƙarfi ya ɗauka wannan labarin nesa ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba a musun amfanin na'ura. Ba ta da ɗan ɗaki, ba ta karɓar toshiyar baki, fayil kuwa ba ya ɓacewa a hannunta don wani bai je gaisuwa ba. Amma akwai tambaya guda: in ta yi kuskure, wa za a kama?

Nijeriya ta riga ta ɗanɗana. Tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda aka soma a 2007, bai kai matsayin ƙirƙirarriyar basira ba, amma darasinsa ya isa. An kawo shi don maganin ma'aikatan bogi. Da aka sa jami'o'i a ciki, malamai suka yi ta kukan an zabge musu albashi ko sunansu ya salwanta, ga shi ba wanda ke da ikon gyarawa sai an dangana da Abuja. Wannan na cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, wanda ya mayar da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu gida. A Disamba 2023 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a cire jami'o'i daga tsarin.

A birnin Hustan na Amurka ma an yi amfani da wani lissafin kwamfuta wajen auna malaman makaranta, kamfanin da ya tsara shi ya ce yadda yake aiki sirrin kasuwancinsa ne. Malamai suka kai ƙara, a 2017 hukumar makarantun ta yarda ta daina korar malami da shi. Wanda ba a nuna masa yadda aka auna shi ba, ta yaya zai kare kansa?

Shugabanci amana ce. Sakataren ilmi da ya san malama tana jinyar mahaifiyarta, ko ya san damina ta yanke hanyar wani ƙauye a Kudan, ya san abin da alƙaluma ba su faɗi ba. Kuma in ya zalunta, yana da suna, yana da ofis, ana iya kai ƙararsa.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba kowa 'yancin ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa. Saboda haka wannan jarida tana kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da Hukumar Ma'aikata su shigar da wannan cikin ƙa'idojin aiki tun kafin na'urorin su iso. Kowace takardar canjin wuri, ko ƙarin girma, ko sallama, lalle ta ɗauki sunan jami'in da ya sa hannu. A bayyana wa ma'aikaci dalili da harshen da yake ji, a kuma buɗe masa ƙofar ɗaukaka ƙara a hedkwatar ƙaramar hukumarsa, ba sai ya yi kuɗin mota zuwa Kaduna ba.

Ɗalibai kuwa, waɗanda su ne manyan ma'aikatan gobe, wajibi ne su koyi aikin waɗannan na'urori sosai, don wanda ya san abu shi ke gane ranar da ya kauce.