Ƙidayar Tsuntsayen Teku Ba Aikin Banza Ba Ne

Sau da yawa akan ji mutane suna mamakin yadda masani zai shafe watanni a tsibiri yana ƙidaya tsuntsaye. A ganinsu wannan ɓata lokaci ne da dukiya. Amma tarihin ƙungiyar Seabird Group, wadda aka kafa a Birtaniya a 1966, ya isa ya kawar da wannan zato.

Da hannun wannan ƙungiya aka gudanar da manyan ƙidayoyi huɗu a gaɓar Birtaniya da Ayalan. An yi ta farko daga 1969 zuwa 1970, ta huɗu kuma daga 2015 zuwa 2021. Da aka bayyana sakamako a 2023, sai aka ga cewa daga cikin nau'o'i 21 da aka iya kwatanta adadinsu da na ƙidayar da ta gabata, 11 sun ragu. Dalilan sun haɗa da ɗumamar ruwan teku, da ƙarancin ƙananan kifayen da tsuntsayen ke ci, da ɓerayen da ke cinye ƙwai a tsibirai. Wato raguwar tsuntsu alama ce ta halin da kifi yake ciki, kifi kuwa abincin ɗan Adam ne.

Ya kamata a lura cewa an kammala wannan ƙidaya gab da lokacin da murar tsuntsaye ta yi mummunar ɓarna a 2022. Da ba a san adadin jiya ba, da babu yadda za a auna asarar yau. Kuma mafi yawan masu ƙidayar 'yan sa kai ne. Saboda haka ɗan tallafin kuɗi da ƙungiyar ke bai wa mambobinta don bincike da horo, tare da mujalla da taruka, su ne jarin da ke samar da masanan gobe. Aikin na bukatar magada, domin tsuntsayen teku suna da tsawon rai. Alal misali, wata tsuntsuwa a tsibirin Midway, wadda aka sanya wa zobe a 1956, ta sake yin ƙwai a 2024.

To, amma akwai sauran rina a kaba. Da yawa daga cikin tsuntsayen da ke ƙyanƙyasa a Turai, a gaɓar Sanagal da Gana suke cin rani. Zoben da ake sanya musu ya nuna cewa yara suna kama wasu da tarko a bakin tekun Gana. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara shirin kare su a ƙarƙashin jagorancin Yaa Ntiamoa-Baidu, aka kuma kafa ƙungiyoyin kula da halittu a makarantu. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙidayar da ta tsaya ga wurin sheƙa kaɗai rabin labari ce, don haka wajibi ne irin waɗannan ƙungiyoyi su ƙara ware tallafi ga ɗaliban Afirka ta Yamma.

Su ma ɗalibai kada su naɗe hannu. Jami'ar Jos tana da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, inda ake horar da masu digiri na biyu. Kafin a kai can, malamin kimiyya yana iya ɗaukar ɗalibansa zuwa tafki mafi kusa sau ɗaya a wata, su ƙidaya abin da suka gani, su rubuta rana da adadi a littafi guda. Bayan shekara goma, littafin nan zai zama hujjar da masana za su dogara da ita.