Tikitin Ɗan Arewa Daga Tashar Mota Yake Farawa

Ɗan'uwa masoyin Coton Sport, yaushe rabonka da bin ƙungiyarka zuwa Yawunde ko Duwala? Idan ka daɗe, kada wani ya ce maka kishi ne ka rasa. Kuɗi ne suka fi ƙarfinka, kuma akwai masu laifi.

Ɗan Yawunde mai goyon bayan Canon taksi zai hau, ya sayi tikiti a ƙofa, ya kwana a ɗakinsa. Kai daga Garwa tafiyar ta haura kilomita 1,000. Ka biya mota zuwa Gaundare, ka hau tudun Mbe da addu'a a bakinka, ka kwana a jirgin ƙasa, ka biya masauki da abinci, ka biya na dawowa. Bayan duk wannan, a ƙofar fili kuɗi ɗaya za a karɓa a hannunka da a hannun wanda ya taso daga bayan gida. Wannan adalci ne?

Wa ya tsawwala kuɗin mota? A Fabrairun 2023 gwamnati ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730. A Fabrairun 2024 ta kai shi 840. Man zuwa-zuwa da ke rufa mana asiri a bakin iyaka shi ma ya tashi, tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023. Direba ba daga aljihunsa yake cikawa ba, daga naka ne.

Layin dogo ya iso Gaundare a 1974, ya tsaya cak. Masu mulkin yau sun hau tun 1982. Fiye da shekara 40 ke nan, jirgi bai taɓa yin kuka a Garwa ko Marwa ba.

Amma idan suna neman cikon fili, sun san hanyar gidanmu. A 2008 mu muka cika Roumdé Adjia ranar wasan ƙarshe na Afirka da Al Ahly ta Masar. A Janairun 2022, da gasar CAN ta zo, mu da baƙinmu na Yola da Mubi muka sake cika shi. Manomin auduga ke riƙe da ƙungiyar nan, ɗansa kuwa a rediyo yake jin wasanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Ga abin da muke nema:

1. A rage rabin kuɗin tikiti ga magoya bayan da suka zo daga nesa.
2. A sanar da farashi kafin ranar wasa.
3. A gyara hanyar Garwa zuwa Gaundare.
4. A kawo layin dogo Garwa, Marwa har Kuseri.

Hanyar da ta hana ka kallon ƙwallo, ita ce ke ƙara wa buhun masara kuɗi, ita ce ke wahalar da majinyacinka. Ka adana katinka na zaɓe. Wannan tikitin kyauta ne. Ranar zaɓe ka fito da sassafe, ka zo da maƙwabcinka.