Fenti ba ya rufa wa samfefa asiri

Ƙanena da ke karatu a Ingila ya aiko mini da ɗan jirgin sama na ado, gunduwa-gunduwa a kwali. An yi shi da rezin, wani irin ƙaron roba da ake zubawa a mazubi ya daskare. Nawa shi ne in haɗa, in goge, in yi fenti. Na gangara bakin titinmu na Jikwoyi, wanda ya taso daga Nyanya ya nufi Karshi, na ce wa mai shagon kayan gini ya ba ni samfefa. Bai tambayi aikin da zan yi ba, ni ma ban duba bayan takardar ba. Ashe lamba 80 ce. Guga uku na yi wa fiffiken, ƙananan zane-zanensa suka shafe, wurin ya koma kamar kaza ta yi tono. Na lafta fenti don ya ɓoye, sai kowane karce ya ƙara fitowa fili.

Na kai wa wani dattijo mai fentin mota a wajajen Kurudu. Ya shafa da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, da samfefar katako ka yi wa wannan aski?" Na ce, "Baba, ai na zaci duk ɗaya ce." Ya girgiza kai, ya jawo wata baƙa mai laushi daga bokitin ruwa.

A wurinsa na koyi karanta lamba: ƙaramar lamba kaushi, babba laushi. A fara wanke rezin da sabulu, domin man da aka shafa wa mazubi yana hana fenti kamawa. Sai 400 ta cinye layin da mazubi ya bari, 600 ta share sawun 400, 800 ta share na 600. A fesa fentin shimfiɗa, a duba a hasken rana, a bi da 1000. Kada kuma a goge har ya yi santsin gilashi, don fenti na son abin riƙewa. Duk wannan da ruwa ake yi. Tun 1921 kamfanin 3M na Amurka ya fito da samfefar da ke jure ruwa, kuma masu fentin mota suka rungume ta. Ruwan na danne ƙurar, ga shi ƙurar rezin ba abin shaƙa ba ce.

Ra'ayina shi ne mun ɗauki fenti mun ba shi girman da na samfefa ne. Je ka kasuwar kayan katako ta Kugbo, ka rufe ido ka shafa kujeru biyu, hannunka zai gaya maka wadda aka yi wa haƙuri. Na san masu sana'a za su ce mai saye ba ya biyan kuɗin guga, ƙyalli kawai yake so. Da gaskiyarsu, shi ya sa gyaran ya hau kanmu duka. Mai shago ya riƙa tambaya, "Me za ka goge?" Maigida ya koya wa yaron shagonsa lamba kafin ya damƙa masa bindigar feshi. Mu masu saye kuma mu tuna araha ba ta ado.

Fiffiken nan sai da na cike shi, na yi kwana uku ina bin sa lamba bayan lamba, kafin ya karɓi fenti.