Golf da Kwaɗo a Madadin Ƙwallo

Yau za mu leƙa wani wasan bidiyo mai suna Ribbit King, wanda kamfanin Bandai na Japan ya fitar a 2003 a na'urorin GameCube da PlayStation 2. Golf ne, amma kwaɗo ake cillawa. Ɗan wasa zai doki wata majaujawa da guduma, sai kwaɗon ya tashi sama ya nufi rami. Saurin faɗawa ramin kaɗai ba ya kawo nasara. Idan kwaɗonka ya cafke ƙuda ko ya fasa kumfa a hanya, makinka zai ƙaru, har ka iya doke wanda ya riga ka isa.

To, 'yan Gayam da sauran garuruwan Birnin Gwari, damina ta cika kududdufai da kwaɗi, kuma wasunku na harbinsu da danƙo. Cilla kwaɗo ya tsaya a allo. Kwaɗon gaske yana cin sauro da ƙwarin da ke ɓata masara da dawa a gonakin iyayenmu. Wanda ya kashe shi don wasa ya rage wa gonar gidansu mai gadi. Sai mako mai zuwa.