Ɗan kwikwiyo a gidan ma'aikaci: wa zai ɗauki haƙƙinsa?

A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo garuruwanmu, musamman Kaduna da Jos da Abuja, har ya fara gangarowa Zariya da Kano. Da zarar saurayi ya samu aiki, albashi ya fara zama, ya kama ɗan gida a sabuwar unguwa, sai a ji ya ce shi fa kare zai saya. Kuma ɗan kwikwiyo yake so, irin wanda ake ɗora hotonsa a WhatsApp ana cewa jinin waje ne. 'Yan uwa ma ba a bar su a baya ba. In aka tambayi dalili sai a ce tsaro. Dalilin kuwa ba abin rainawa ba ne, domin duk wanda ɓarawo ya taɓa tsallako masa katanga ya ɗauke babur ko batirin sola, ko wanda yake zaune a bakin gari a wannan zamani na masu garkuwa da mutane, ya san amfanin haushin kare da tsakar dare.

Shari'a ma ba ta rufe ƙofar ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da Abu Huraira cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, ƙiraɗi biyu a wata ruwayar, ɗaya a wata. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan ukun idan buƙata ta tabbata. Sanannen labari ne cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar nan da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Batun saye da sayarwa shi ne ya fi tsauri, don akwai hadisin Abu Mas'ud da ya hana kuɗin kare, kuma a kansa mashhurin Malikiyya yake, ko da yake Sahnun da Hanafiyya sun halatta sayar da wanda aka yarda a ajiye. Wannan ɗan uwa ya zauna da malaminsa a kai kafin ya taɓa aljihu.

To, a ce an wuce nan. Abin da mafi yawan masu sayen ba su lissafa ba shi ne, kwikwiyo jariri ne. Ɗan wata biyu yana buƙatar abinci sau uku zuwa huɗu a yini, kuma ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu ko uku. Tsakanin sati 3 zuwa wajen sati 14 na rayuwarsa ne yake koyon sabo da mutane, da yara, da awaki da kaji, da ƙarar babur. Abin da ya rasa a waɗannan makonni da wuya ya same shi daga baya. Shi kuwa ma'aikaci ya fita tun bakwai na safe, ba zai dawo ba sai biyar, in ɗan banki ne ko ɗan kasuwa sai Magariba, daga nan ga karatu ga ziyara. Wato kenan wannan halitta za ta shafe awa goma ko fiye a ɗaure a gindin katanga, ko a cikin ɗan keji na kwano, ruwanta ya kife tun hantsi, tana kwance cikin kashinta, tana kuka maƙwabta suna tsinuwa. Kare da ya tashi a haka yakan zama ɗaya daga biyu: matsoraci da ba ya tsinana komai, ko mafaɗaci da ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Gadin da aka saye shi dominsa ma ba zai fara ba sai ya kai shekara ko fiye.

Matasan da suka yi Islamiyya sun haddace hadisin matar nan da aka yi wa azaba saboda kyanwa da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sun kuma san na mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa. Abin mamaki shi ne yadda ake karanta waɗannan ranar Asabar a aji, ranar Litinin kuma a kulle kwikwiyo a fita ofis hankali kwance.

Wani zai ce ai akwai mutane a gida. Su wa? Amarya, wadda ba a yi shawara da ita ba, kuma tun tana ƙarama aka koya mata gudun kare? Ko ƙane ɗan sakandare, ko almajirin da ke yi musu wanke-wanke? Shi mai gida ya ɗauki hoto da kare ranar Lahadi, kwasar kashi da wanke kwano kuma ya bar wa wanda ba shi da bakin cewa a'a. Wannan zalunci ne ƙarami da ake yi a cikin gida ba a kiransa da sunansa. Ga kuma batun tsarki. Imam Malik yana ganin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki ibada ce kawai, amma Shafi'iyya da Hambaliyya da Ja'afariyya suna ganin najasa ne. Gidan da tsakar gidansa ita ce wurin alwala, ita ce wurin shanya, ita ce wurin rarrafen yaro, dole a san matsayar kowa a cikinsa kafin kare ya shigo.

Sai zaɓen iri, inda nan ne son a sani yake fitowa fili. Wanda ake kira Kokeshiyan asalinsa karen makiyaya ne na tsaunukan Kokesos masu dusar ƙanƙara, gashinsa kamar bargo. A kawo shi Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, a sa shi ƙarƙashin kwano, ai azabtarwa ce. Boabul na Afirka ta Kudu yakan kai kilo 70, cinsa kuwa ya isa ya girgiza albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma riƙe shi sai gwani. Alseshiyan, wanda muka fi sani da karen 'yan sanda, yana da kaifin ƙwaƙwalwa, shi ya sa zaman kaɗaici ya fi lalata shi, kuma yakan yi shekara 10 ko fiye a duniya. Duk wanda ya saye shi yana ɗan shekara 25, to da shi zai yi aure, da shi zai yi canjin wurin aiki, da shi zai nemi gidan haya. Da yawa ma ganin kitse suke yi wa rogo, a sayar musu da ruwa biyu a bakin titi da sunan jinin waje. Alhali ga karnukan gida da mafarauta da makiyaya suka daɗe da su, sun saba da rana, sun fi jure kaska da cuta, cinsu kaɗan, kunnensu kuwa ba ya barci.

Saboda haka ɗan uwan da yake fita tun safe, kuma babu wani baligi a gida da ya amince da bakinsa zai kula, ya haƙura da kwikwiyo. In buƙatar gadi ta matsa, ya nemi babban kare da aka san halinsa a wurin wanda aka sani, ko maƙwabta su haɗa kuɗi su ɗauki maigadi. Wanda kuma yake da mataimaki na gaskiya, kada ya karɓi kwikwiyon da bai cika sati 8 ba. Ya je ya ga uwar da idonsa a inda take kwana, ya karɓi katin rigakafi mai sa hannun likitan dabbobi, ya daidaita sayen da lokacin hutunsa na shekara. Rigakafin fabo, cutar amai da zawon jini da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki, ana fara shi ne daga sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har wajen sati 16, tare da maganin tsutsar ciki.

Allurar haukan kare kuwa, wadda ake yi daga wata uku, haƙƙin unguwa ce baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Cibiyar binciken dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar karnuka, kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da asibitocin dabbobi na jihohi inda ake yin ta. In kuma aka yi rashin sa'a kare ya ciji yaro ko ya yage shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar domin a fara masa allura, kada a tsaya shafa gashin kare ko jiran a ga abin da zai faru.